Malam Badruddeen da Waƙar Niƙan da Ya Adana

Kafin kowa ya iso ɗakin kwamfuta na ƙungiyarmu ta manoman citta, nan bayan tashar jirgi a Kafanchan, Malam Badruddeen ya riga ya yi shara, ya ta da janareta, ya durƙusa ƙarƙashin tebur yana duba 'yan fitilun suwic. Suwic ɗin akwati ne mai ramuka, kowace kwamfuta da wayarta a ciki. Layin intanet ɗaya tak gare mu, shi ma da ƙyar yake numfashi, amma shi Malam ya yi ta raba wa ɗaki guda shekara da shekaru. In hadari ya haɗo ta wajen dutsen Kagoro, ko kana tsakiyar aiki sai ya zare wayoyinsa. Yi ta masifa, ko kallo ba ka ishe shi ba.

Ni ne sakataren ƙungiyar, kuma mun sha rigima da shi a kan wata tsohuwar kwamfuta da ke gefen suwic, wadda yake kira firoksi. 'Yar aike ce. Duk abin da kake nema a intanet ita ke zuwa ta ɗauko, ta ajiye kwafi, in wani ya nema ta miƙa masa daga gida. In cikinta ya cika, sai ta zubar da tsofaffin kaya. Da ita ya hana mu kallon ƙwallo a lokacin aiki, kuma wannan har gobe ban yafe ba.

A cikin membobinmu akwai Paulina, Maman Miriyam. Wasu ɗaliban jami'a sun taɓa zuwa ƙauyensu kusa da Zonkwa, suka ɗauki muryar mahaifiyarta tana waƙar niƙa da yaren Bajju, suka ɗora a wani ɗan shafi. Tsohuwar ta rasu ba ta bar ko hoto ba. Duk ranar kasuwa Paulina takan ajiye kwandonta a bakin ƙofa ta ce, "Malam, buɗe mini Mama." Ya buɗe mata a kwamfutar bakin taga, ya miƙa mata abin sawa a kunne, ya koma teburinsa.

Bara ne 'yarta Miriyam, da ke karatun nas a Jos, ta nemi shafin a wayarta aka ce babu shi. Ta bincika, ashe an daɗe da rufe shi. Paulina ta shigo mana ba ko sallama.

"Malam, yarinya ya ce Mama ya ɓata."

"Zauna, Maman Miriyam. Tana nan."

Ya buɗe, ga ta kuwa. Sai ranar muka san cewa tun da ya ga Paulina ta riƙa zuwa, ya saita firoksi kada ta taɓa zubar da waƙar, kuma duk gyaran da ya yi wa kwamfutar da ita yake fara ƙaura. Ya san ranar da shafin ya mutu, bai faɗa mata ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ta yi makoki sau ɗaya, ya isa."

Malam, kai ne ka sha zaginmu a kan ƙwallo, alhali kana gadin abin da ba mu ma san yana ɗakin ba. Amintacce, mai riƙon kayan da ba a ce ya riƙe ba. Ina ƙaunarka, ko da yake ba zan maimaita a gabanka ba.

Yanzu idanunsa sun yi rauni, ya ajiye aiki, firoksin ma za a sauke ta a sa sabbin kaya. Kowa ya ga damuwa a fuskar Paulina. Ranar walimar sallama, bayan an ci an sha, Malam ya karɓi wayarta, ya sa mata ɗan memori, ya ce, "Ga Mama, tafi da ita gida."

Ta kunna a fili. Muryar tsohuwa ta cika ɗakin, da ƙarar dutsen niƙa a ƙarƙashi. Malam ya sunkuyar da kai yana saurare. Ashe bai taɓa jin waƙar ba, wai ba tasa ba ce. Da ta ƙare ya ce, "Me take cewa ne?"

Paulina ta goge ido da bakin zani. "Zagin babana yake yi. Wai ya je ɗebo itace ya dawo da burukutu a ciki."

Ɗakin ya ɓarke da dariya, Malam har da riƙe ciki, ita kuwa tana dariya tana kuka.

Mun gode, Malam Badruddeen. Allah ya ƙara wa idanu lafiya, ya saka maka da alheri. Ku kuma matasan da za ku gaji teburinsa, haɗa waya kowa zai koya. Ku riƙa ɗaga kai kuna duba wanda ya zauna a bakin taga, da abin da ya kawo shi.