Ranar da Mai Shirin Hantsi Ya Katse wa Baffa Gaisuwa

Mutumin nan ba wata murya gare shi ba, kada wani ya ruɗe ku. Kullum kamar mai mura yake magana. Abin da ya tara masa jama'a a ƙasar Katagum haƙurin gaisuwa ne kawai. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Azare ba, kowa na ɗokin ya ji kansa a rediyo, shi kuma yana da shirin hantsi da ake bugowa a tattauna. Tsoho zai bugo daga Bulkachuwa ya tambaye shi gajiya, iyali, ruwa, har da jikin mahaifiya, shi kuwa ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar, wani sa'in ya jefa ɗan Fulatancinsa na kame-kame. Da wannan ya mallake layinmu na 'yan atamfa. In shirin ya fara, ko ciniki ba a so.

Baffana, ƙanin mahaifina, wanda muke zama rumfa ɗaya, shi ne uban masoyansa. "Abokina" yake ce masa, alhali ko a hanya bai taɓa ganinsa ba.

Da zaɓe ya ƙarato, wani mai neman kujera ya ba shi mota, aka fara ajiye masa wuri a gaban taro, sai ga mutuminku da sabon salo. Wai shi ɗan zamani! "Kai tsaye, mai sauraro, kai tsaye, lokaci ba ya jira." Lokacin me? Lokacin da zai zauna yana kuranta rijiyar burtsatse guda ɗaya tal kamar shi ya haƙa ta da farcensa. Mutane suka fara gunaguni, Baffa yana kare shi, wai aiki ne ya yi wa bawan Allah yawa.

Wata damina babban yayansu Baffa da mahaifina ya rasu bayan sallar asuba. Ɗansa na fari yana can bayan Dambam da shanu, inda babu sabis, kuma ba wanda ya san takamaiman inda suka yada zango. Amma rediyo ba ta barin kafaɗarsa, shirin nan kuwa ba ya wuce shi. Aka ɗaga jana'iza zuwa bayan azahar dominsa. In ya ji da hantsi ya fito titi ya kama acaɓa, zai riski gawar ubansa.

Baffa ya ce a bar masa sanarwar, ai mai shirin abokinsa ne. Muna zaure ya yi ta bugawa har ta shiga.

Kowa ya san ba a jefa wa mutum labarin mutuwa haka kawai. Sai an gaisa, a ce jikin wane ya yi tsanani, sannan a faɗa. Balle ɗan mamacin yana sauraro. Baffa ya haɗiye kukansa, ya yi sallama, ya ce, "Malam, ina kwana? Ina gajiya? Ya iyali?"

"Lafiya, Alhaji, ya gida? Kai tsaye."

"Gida lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya jama'ar..."

"Alhaji, Alhaji! Kullum kai sai gaisuwa kamar ka zo neman aure. Mu ba wasu dama." Ƙit ya katse, har da 'yar dariyarsa, ya sako waƙar ɗan takararsa.

Sakaran banza! Muryar Baffa rawa take yi, mu da ke kusa duk mun ji. Mutumin kullum yana jin muryar nan, amma kunnensa ya toshe da kirarin 'yan siyasa. Baffa ya sake bugawa, ya sake, layi a cike har shirin ya ƙare. Aka jira har la'asar ta kawo jiki, malamai suka ce a kai mamacin makwancinsa.

'Yan layinmu duk sun san an yi rasuwar, kuma da kunnensu suka ji abin da ya faru. Ba wanda ya kira taro. Kowa dai ya murɗa akwatinsa zuwa wata tashar, labari kuma ya bi 'yan acaɓa ƙauye-ƙauye. Bayan zaɓe mai motar ya manta da shi, sai ga shi yana roƙo, "Jama'a, layi a buɗe yake fa." Duk wanda ya yi kuskuren bugowa sai ya riƙe shi da gaisuwa, har awaki yake tambaya. Tir! Ni ko tausayinsa ban ji ba, har yau kuma ba na ji.

Ɗan marigayin kuwa, an tura ɗan aike amma bai same shi ba. Shi ya shigo gari da kansa ranar kasuwa, da ɗan kwanon man shanu da ya kawo wa ubansa. Ya shawo kwanar gidan ya ga tabarmi da mutane a ƙofa. Ya tsaya cak, ya bi mu da kallo har ya kai kan Baffa.

Ya ce, "Baffa, ai na ji ka a rediyo. Ka ce gida lafiya lau."