Takalmin Yaya Bawa Ko-ta-kwana

Abu ɗaya nake cewa da ma ban yi ba a zamana da Yaya Bawa, shi ne sa shi ya cire takalminsa. Ku mutanen Tsafe da kuka san shi kun san ba ƙaramin abu na faɗa ba, don ba a banza aka laƙaba masa Ko-ta-kwana ba. Ɗan wan mahaifina ne, ya girme ni, kuma tun da 'yan bindiga suka fara tare hanya da shiga gonaki bai ƙara yarda da silifas ba.

Tare muka je kasuwar Gusau ranar da ya saye shi, wurin wani mai gwanjo da ake kira Oga Sunday. Takalmi ne da ba a ce masa sau-ciki ba, ba a kuma ce sandal ba. Gabansa a rufe da roba, gefe a buɗe iska na shiga, ƙasansa da haƙora kamar tayar babur, ga maɗauri a dunduniya da kuma bisa.

"Baba, wannan na hawan dutse ne," in ji Oga Sunday. "Kuma ko biki sai ka je da shi."

"Ni ba dutse ya dame ni ba. Yana gudu?"

"Sai ka gwada."

Yaya Bawa ya ɗaure, ya tattare babbar riga, ya zura da gudu tsakanin rumfuna. Kun dai san yadda zukata suke a shekarun nan. Mutane suka ga dattijo mai furfura a guje, ba wanda ya tsaya tambaya. Mai tumatir ya watsar da tire, masu shago suka fara jan ƙofa, shi kansa Oga Sunday a ƙarƙashin tebur na same shi. Can sai ga Yaya ya dawo yana haki. Ya ce, "Yana yi. Amma mutanen Gusau sun fi shi."

Daga nan gwaji bai ƙare ba. Ya hau dutsen bayan gari da shi ya sauko. Ya taka ƙaya da gangan. Muka je ta'aziyya Bungudu, ya bar hanya mai kyau ya ratsa ta cikin ruwa don ya ga ko zai zame, kafin mu isa gidan makokin ya bushe. Gona da shi, ɗaurin aure da shi. A masallaci ne kawai yake cirewa, shi ma a sahun baya kusa da ƙofa, ya ajiye shi maɗauri a buɗe, bakinsa na kallon waje. Har matarsa Inna Hajo ta kawo mini ƙara, wai da shi yake kwana.

Na ce, "Haba Yaya, har bisa gado?"

"In sun zo, sallama za su yi maka ka nemo takalmi? Ni dai a shirye nike."

Mukan yi dariya, amma duk ranar da muka ji ƙarar babura da yawa, kowa sai ya saci kallon ƙafarsa.

To, sai neman auren ɗana ya tashi, a wani ƙauye gaba da 'Yankuzo. Yaya Bawa ne babbanmu, shi zai yi magana. Da hantsi muka isa. A ƙofar zaure kowa ya tuɓe takalmi, shi kuwa ya ce zai zauna a dokin ƙofa, ƙafafu a waje, ya nemi auren daga nan.

Na ja shi gefe. "Yaya, gaban surukai ne fa. Kada ka kunyata ni."

"Garba, ka dubi gonakin da muka wuto? Ba kowa ciki. Wanga shiru bai yi mini ba."

"Don Allah ka cire. So kake su ce ba mu da tarbiyya, su hana mu yarinyar?"

Ya daɗe yana dubana, sannan ya sunkuya ya kwance. Ni kuma na tura takalmin can ƙarƙashin tulin na jama'a, don kada masu gida su gani su yi mana dariya.

Ba a gama gaisuwa ba muka ji harbi daga wajen rugar Fulani, sai ƙarar babura. Wata mata ta ƙwalla ihu a cikin gida. Zauren ya fashe, a ƙofa kowa ya wawuri abin da hannunsa ya kai. Na faɗa cikin gonar dawa, ganye na yankar fuskata, ƙaya na shiga tafin ƙafata, harbin kuwa kamar a bayan kunnena. Na samu wani kwazazzabo na kwanta, ina jin muryoyin 'yan bindigar a kan hanya.

Can sai ga Yaya Bawa da rarrafe, ƙafarsa jina-jina. Ashe ya tsaya neman takalminsa har kowa ya watse, sannan ya gudu haka nan, wani kututture ya huda masa tafi. Ya kwanta kusa da ni, ya ƙura wa ƙirjina ido. Sai a lokacin na duba. Takalminsa ne, duka biyun, na rungume kamar jariri. Ni kaɗai na san inda na cusa shi, hannuna kuwa bai manta ba.

Ya raɗa mini, "Garba, ɗauka dai ka ɗauka, na yafe. Amma ka riƙe a hannu? Wanga takalmi ba a hannu yake gudu ba."

Ina danne dariya, ina kuka.

Sun kora shanu sun tafi, Allah ya tsare rayuka, aure kuma ya yiwu. Amma Yaya na da ciwon suga, ƙafar ba ta koma daidai ba. Gudu ya ƙare, sai ɗingishi. Duk da haka kullum za ka same shi a ƙofar gida, takalmi a ɗaure.

Na taɓa ce masa, "Yanzu me zai yi maka?"

"Ba komi. Amma in sun zo, su iske ni a shirye."

Ba su iske shi ba. A gadonsa ya cika, daminar da ta wuce, bai kuma taɓa yi mini gori ba. Inna Hajo ta aiko mini da takalmin, ga shi a ƙafata.

Roƙona gare ku, in kun ga mutum ya riƙe abin da ke kwantar masa da hankali a wannan zamani, kada ku raba shi da shi don gudun dariyar mutane, kamar yadda na yi. Allah ya jiƙan Yaya Bawa, ya yafe mini, ya saukar da shi inda ba a gudu.