Kwalabe Huɗu na Bamanga

A watan Janairun 1961 na fara ganin Bamanga, wata uku bayan an ba ƙasar nan 'yancin kai. Na zo Gombe daga makarantar mishan ta ƙasar Tangale da akwatin ƙarfe ɗaya da takardar koyarwa, aka ba ni darasin kimiyya a wata sakandare. Na tarar da shi a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje yana gyara lagwanin risho. Dogo ne siriri, ya girme ni da kamar shekara goma. Ciwo ya cinye shanun gidansu, ya shigo gari, aka ɗauke shi shara da wanke kwalabe da hura wuta.

Darasin da na fi so shi ne na zafi. Mukan tafasa guntun jan ƙarfe cikin ruwa, mu ciro shi da zare, mu jefa cikin kofin ruwan sanyi, mu duba digiri nawa ruwan ya hau. Ƙa'idar ba ta da wuya. Zafin da abu ya ɗauka ko ya saki shi ne nauyinsa, sau lambar riƙon zafinsa, sau yawan digirin da ya hau ko ya sauka. Lambar ruwa ɗaya ce. Ta dutse kashi ɗaya cikin biyar. Ta jan ƙarfe ba ta ma kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Sai dai lissafinmu bai taɓa fita daidai ba, kullum zafi yana ɓacewa a hanya. Wata rana Bamanga ya shigo da dunƙulen auduga da ya tsinto a bakin hanyar da motoci ke bi zuwa wurin gurzar auduga, ya naɗe kofin da ita tsaf.

Na ce, “Wa ya koya maka wannan?”

Ya ce, “Innata. Haka take lulluɓe ƙwaryar kindirmo. Malam, kofin nan naka tsirara yake, ta yaya ba zai ji sanyi ba?”

Ajin ya fashe da dariya. Ranar lissafin ya fita, saura kaɗan ya yi daidai da na littafi.

Yana da wata baiwa kuma. Yakan tsoma ɗan ƙaramin yatsansa cikin ruwa, yadda matan Fulani ke gwada madara, ya ce, “Hamsin.” In duba ma'aunin zafi in ga arba'in da tara. Sai ya ce, “Gilashinka ne ya yi kuskure, Malam, ka yi masa haƙuri.” Bayan an tashi nakan zaunar da shi in koya masa lambobin boko da ninkawa. Bai taɓa koyon haruffanmu ba, bai kuma nema ba. Bakwai ɗinsa yana da lanƙwasa a kai kamar sandar kiwo.

A 1963 ya fasa ma'aunin zafin. Shi kaɗai muke da shi, daga Ingila aka kawo shi cikin akwatin katako. Hannun rigarsa ne ya share shi daga tebur. Shugaban makarantar Bature ne mai saurin kora. Da ya tambaya, na ce ni ne na yar da shi. Aka yi mini faɗa a gaban malamai, magana ta wuce. Da yamma Bamanga ya tsaya a ƙofa, bai dube ni ba, ya ce, “Malam, na ɗauki bashi.” Na ce masa ya manta da maganar. Ni dai na manta.

Kuɗin man fetur suka zo. Aka kawo mana ma'aunai arba'in a tashi ɗaya, da manyan akwatunan kayan aiki waɗanda wasunsu ba a taɓa buɗewa ba. Na zama mataimakin shugaba, na sayi babur. A 1975 takarda ta zo cewa duk mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje sai yana da satifiket. Aka buga sunayen waɗanda za a sallama, na Bamanga ne na uku. Zan iya rubuta wasiƙa in ce mutumin nan ya fi masu satifiket ɗin sanin aikin. Na yi niyya, na ce gobe. Washegari na sa hannu a ƙasan takardar.

Ya zo ya miƙa mini makullai. Ya ce, “Ba komai, Malam. Saniya ma in ta tsufa kasuwa ake kai ta.” Daga baya na ji ya kafa teburin shayi kusa da tasha. Na daina bin wannan hanyar.

A watan Agustan 1977, ana tsakiyar marka, matata Edna ta haifi bakwaini. Jini bai tsaya ba. Kafin azahar ta rasu. Shekara goma sha ɗaya muna jiran haihuwar nan. Yarinyar kilo ɗaya da giram ɗari huɗu ce. Asibitin suna da na'urar ɗumama jarirai sabuwa fil, amma wani ƙarfenta bai iso ba. Nas ɗin ta ce mini, “Ku kai ta gida. In ta yi sanyi, ta tafi.”

Surukata, wadda muke kira Mama, ta zo daga ƙauye, da ƙanwar Edna mai shayarwa. Mama ta yi abin da ta sani, ta gasa duwatsu a murhu, ta naɗe su da tsumma, ta jera gefen jaririyar. Su yi zafi kamar za su ƙona tsumman, kafin a jima sun huce. Kwana na biyu na ga jan tabo a cinyar yarinyar, ƙafafunta kuma sanyi ƙalau. Shekara goma sha shida ina koyar da zafi, amma na zauna a kujera ina kallon takalman Edna a bakin ƙofa, ko biyu da biyu ba zan iya haɗawa ba.

Kwana na uku da safe wata Bafillatana ta yi sallama, da ƙwarya a kai. Ba nono ne a ciki ba. Kwalabe huɗu ne cike da ruwan zafi, kowace an naɗe ta da auduga an ɗaure da zare. Ina jin ta da Mama daga falo.

Bafillatanar ta ce, “Inna, a kwashe duwatsun nan.”

“Ke wace ce? Da duwatsun nan na raini 'ya'ya tara.”

“Taran nan akwai bakwaini?”

Mama ta ce, “Kin zo gidan mutane da kwalaben lemo kina koya mini reno? Saniya kika ɗauke ta?”

“Ɗan maraƙi ma in ya zo da wuri ba ma gasa shi, Inna. Biyu a nan, biyu a nan. Kafin azahar zan kawo wasu.”

Ta kawo. Sau huɗu take zuwa a yini, cikin ruwan sama, zuwan ƙarshe kuma da babban filas na canji har gari ya waye. Kwana arba'in da biyu ba ta fasa ba. Mama ta koma kiranta Adda, wato yaya da Fulatanci, tana ajiye mata kunu. Ni na ɗauka matan cocinmu ne suka aiko ta, ban tambaya ba. A kwanakin nan ban tambayi kowa komai ba. Yarinyar ta rayu, muka sa mata suna Juliana.

Bamanga ya rasu a 1979. Tari ne, aka ce. Sai bayan kwana biyu da binne shi labari ya iso gare ni. Na nemi gidan a unguwar Arawa, na tsaya a zaure da hulata a hannu. Matar da ta fito karɓar gaisuwa ita ce mai kwalaben. Mairamu sunanta. Shekara goma sha huɗu muna aiki ɗaki ɗaya da mijinta, ban taɓa sanin fuskar matarsa ba.

Ta ce, “Yaya 'yata?”

Na ce tana lafiya. Ta shiga ciki ta fito da bayan kwalin sukari. Lambobi ne da fensir, na gane bakwai ɗin nan take. Ɗari bakwai sau ɗaya sau goma sha uku, dubu tara da ɗari. Kwalba ɗaya ke nan, giram ɗari bakwai na ruwa, daga digiri hamsin zuwa talatin da bakwai na jikin mutum. A ƙasa ya yi na dutse mai nauyi ɗaya da ita, dubu ɗaya da ɗari takwas da ashirin. Sannan ya nemi zafin da dutsen zai kai kafin ya yi aikin kwalba ɗaya, ya samu ɗari da biyu, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Na bi lissafin sau uku a tsaye. Babu kuskure.

Mairamu ta ce a tukunyar shayinsa yake dafa ruwan, kowace kwalba sai ya gwada da yatsa. Masu shan shayi suka gaji da jira, rabinsu suka koma wani tebur, ba su dawo ba.

Na ce, “Me ya hana shi zuwa da kansa?”

Ta ce, “Ya ce in ka san daga wurinsa ne, kunya za ta sa ka ƙi karɓa, yarinya ce za ta sha sanyi.”

Na ce ban cancanta ba, ni ne na sa hannu aka kore shi.

Ta gyara mayafinta. “Ya sani, Malam. Ya ce wancan tsakaninka da Allah ne. Shi gilashin da ya fasa yake biya.”