Mun Je Gude Ɗauko Aikin Marigayi

Ana sallame asuba muka bar Yola, ni da wani abokin aikina. Ba yawon buɗe ido ya kai mu Mubi ba. Abokinmu ne ya rasu da damina, ya bar aikin da yake yi wa ƙungiyar manoman Gude bai ƙarasa ba, kwafi ɗaya tak, a cikin kwamfutarsa. Matarsa ta kira ta ce mu zo mu ɗauka mu ƙarasa kafin kaka, kada wahalarsa ta tafi a banza.

Kuɗin mota kuwa sai addu'a. Direban ya cusa mu kamar buhunan masara, yana ta rantsuwa wai akwai sauran wuri. Daga Song zuwa Gombi ramuka suka yi ta gaisawa da ƙugunmu. A Gombi muka sayi gasasshiyar masara, mai sayarwar ta ce tsadar taki ce ta sa ta ƙanƙance. Bayan Hong duwatsu sun yi shar, gwanin kyau, amma ni raina ba ya wurin.

Bari in yi wa waɗanda rubuta manhajar kwamfuta ba sana'arsu ba ce bayani. Abin da marigayin yake ginawa shi muke kira saba, wato kwamfutar da wayar manomi za ta tambaya farashin gyaɗa ko wake a kasuwar Mubi, ta ba shi amsa. Ba ma fara irin wannan daga tushe. Akwai wata 'yar manhaja da kake rubuta wa umarni layi ɗaya a baƙin allo, ta yi maka 'yan tambayoyi, nan take ta zuba maka ƙwarangwal ɗin aikin, fayiloli reras amma ba komai ciki. Kai za ka cika su. Shi ya kusa shekara yana cikawa. Na sha yi masa faɗa ya ɗora kwafi a intanet, sai ya yi dariya ya ce sabis ɗin Gude ko gaisuwa ba ya kaiwa.

Daga tashar Mubi muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Gude. Matar, malamar firamare ce, ta tarbe mu da kunun gyaɗa, yara biyu na maƙale da zaninta. Muka yi ta'aziyya. Sannan ta ɗauko kwamfutar a naɗe cikin zanin zuwa coci.

"Malam, na rage muku aiki," in ji ta. "Jiya na kai caji, na shirya muku shi."

Na ce, "Madam, wane shiri?"

Ashe ranar da ya fara aikin tana zaune kusa da shi, har ya kama hannunta ya koya mata umarnin nan, ta haddace. Ita a ganinta da shi ake tayar da aikin. Ta rubuta, manhajar ta yi tambayoyinta da Turanci, ta yi ta danna eh kamar yadda ta ga yana yi. Tambaya ta ƙarshe cewa take: akwai fayiloli a nan, a rubuta sababbi a kansu? Nan ma ta danna eh.

Na buɗe. Komai tsaf, sabo fil, babu layi ɗaya nasa. Har barkwancin da yake saƙawa a gefen aiki, rabi Hausa rabi Fulatanci, ya tafi. Innalillahi! Muka wuni muna tono da duk dabarar da muka sani, ba mu sami ko ɓurɓushi ba. Tuwon dawa da miyar yakuwa ya huce a gabanmu.

Da la'asar ta leƙo. "Na yi daidai ko?"

Abokina ya taka mini ƙafa. Na dubi fuskarta, karo na farko ke nan da na ga ta ɗan washe tun zuwanmu. Na ce, "Kin yi daidai, Madam." Allah ya yafe mini.

Washegari ta raka mu bakin titi da ƙullin gyaɗa. Muna shiga keke ta ce, "In kun gama, ku zo ku nuna wa yaran nan aikin babansu. Ina so su san ba zaman banza yake yi a gaban na'urar nan ba."

Haka muka koma Yola hannu rabbana. Abin da tafiyar ta koya mini ba sabo ba ne, ciwonsa ne sabo: ka ajiye aikinka a wuri biyu, kuma in za ka koya wa na gida umarni, ka gaya masa abin da yake gogewa. Yanzu mun fara daga farko. Da manhajar ta tambayi sunan mai aiki, nasa na rubuta. Manoma za su sami abinsu kafin kaka in Allah ya yarda. Amma ranar da yaran nan za su ce in nuna musu layin da babansu ya rubuta, wallahi ban san wanne zan nuna ba.