Baba Hamman, Tukunyarka Ba Ta Huce Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne abin da Ya bayar, na Allah ne abin da Ya karɓa. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab na shekarar 1446, wato 14 ga Janairun 2025, da hantsi, Allah Ya yi wa Malam Hamman Fayaman rasuwa a gidansa da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da shi tun shigowar sanyi. Ya haura shekara tamanin a duniya. An yi masa sutura bayan azahar.

Ni Sakinatu, mai sayar da bandar kifi a kasuwar Haɗeja, ina tsugune gaban kwando ina ware tarwaɗa lokacin da ɗanka Khalid ya kira ni a waya ya faɗa mini rasuwarka. Baba, ka gafarce ni, bayan salati abin da ya fara fita daga bakina shi ne, “To wa ya hura wa Ungozoma wuta yau?” Matan da ke kusa da ni suka dube ni kamar na zautu. Amma na san da kana jin mu da ka ce na yi tambayar da ta dace, domin ran da tukunyar nan ta huce, ran nan masu yankan ƙarfe za su zo su daddatsa ta.

Ga wanda bai sani ba, Ungozoma ba mutum ba ce. Ƙaramin kan jirgi ne na zamanin kwal da tururi, baƙi wuluk, wanda aikinsa a da shi ne jera taragun gyaɗa a tasha. Kai ne mai zuba mata kwal da shebur, shi ya sa sunan Fayaman ya bi ka har kushewa. Iyayenka makiyaya ne, da rani su gangara fadamar kogin Haɗeja da shanu, da damina su hauro tudu wajen Birniwa. Ka sha ba mu labarin fushin mahaifinka ran da ka ajiye sanda ka ɗauki shebur. Ya ce ɗansa ya bar shanu masu nono ya koma kiwon saniya mai aman hayaƙi. Gaskiyar tsohon ne kuwa, don ba ka taɓa barin kiwo ba. Na sha ganinka kana shafa gefen tukunyar nan kana yi mata magana da Fulatanci, kai kaɗai, kana tsammanin ba mai kallonka.

Mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, baƙuwa ce a Malam Madori. Daga wani ƙauyen masunta na bakin fadama mahaifina ya kawo ta, shi kuma yana dakon buhunan gyaɗa a tasha. Ana gab da haihuwata buhu ya suɓuce ya karya masa ƙafa. Aka haife ni cikin tsananin sanyi, babu ko guntun itace a gidan, babu dangin da za su kawo. Kowa ya san mai jego sai da ruwan zafi safe da yamma har ta yi arba'in, kuma ba ruwan buta ɗaya ba. Maƙwabciyarmu Ummussalma, wadda tun tana da ƙuruciya bakinta ba ya tsoron kowa, ta sunkuci garwa biyu ta nufi tasha. Ta tsaya ƙarƙashin kan jirgin ta ɗaga murya, ta ce kuna dafa ruwa kuna zubar wa ƙasa, ga 'yar mutane can sanyi zai kashe ta ita da jaririyarta. Ka sauko, ka yi mata alama ta matsa baya, ka murɗa wani famfo da ke gefen tukunya, ruwa ya fito yana tafarfasa. Haka kuka yi kullum har innata ta gama wanka.

Ka san mata da labari. Kafin shekara ta zagayo, duk gidan da aka haihu a unguwar tasha garwarsa na cikin layi, kuma matan ne suka laƙaba wa kan jirgin suna Ungozoma. Abu ne da zai iya cin aikinka, ka kuma sani. An ce shugaban tasha na lokacin ya kira ka ya yi maka faɗa, ka sunkuyar da kai ka ce ai ruwan da za a zubar ne, ranka ya daɗe. Bai hana ba, bai kuma yarda ba, sai dai duk safiya idan mata suka taho sai ya tuna yana da abin dubawa a ɗaya ƙarshen tashar. Da matarsa ta haihu, garwar gidansa ma ta shiga layi. Mu da iyayenmu suka yi wanka da ruwan nan ana kiranmu 'ya'yan Ungozoma. Yau cikinmu akwai malamai, akwai direbobi, akwai masu jikoki irina.

Da aka kawo jirage masu shan mai, gyaɗa kuma ta ja baya, sai aka tura Ungozoma ƙarshen wani guntun layi bayan tsofaffin sito aka manta da ita. Kowa ya manta ban da kai. Abokan aikinka suka watse, wasu Kano wasu Nguru, kai kuwa ka gina ɗakinka inda in ka ɗaga labule za ka hange ta. Kana bin makanikai kana roƙon baƙin mai kana shafa mata. Shekarar da ruwa ya yi ambaliya ya cinye gonakin shinkafa, mutane na fama da katangunsu, kai aka gani da fartanya kana haƙa wa ƙarfe magudana. Inna Adila, matarka, ta ce da ta san haka ne da ita ma ta zo duniya da ƙafafun ƙarfe.

Sai ka ƙirƙiro taron nan da yanzu tunawa da shi ke sa mu hawaye. Kowace shekara in an gama girbin shinkafa, tsofaffin ma'aikatan reluwe su hallara daga Birniwa, da Kaugama, da Nguru, har da Kano. Kowa ya zaro tsohuwar hular aikinsa da asu ya cinye, wani da fitilarsa mai ja da kore, wani da ƙararrawa. Malam Muttaka, tsohon mai ɗaga tuta, ba ya fashi, kuma duk shekara sai kun yi gardamar nan taku a kan wanda ya sa jirgin Nguru ya makara ran wata Babbar Sallah da ba wanda ya tuna da ita sai ku biyu. Masu fura da masu ƙosai su baje, yara su yi ta hawa suna sauka. Ni kuma in zo da kwandona, ka sa hannu ka zaɓi tarwaɗar da ta fi kowacce maiƙo ba ko sallama, in na yi ƙorafi ka ce in je in tambayi uwata.

In la'asar ta yi sanyi sai wuri ya yi tsit. Ka rufe famfo, ka yi ta ɗura mata ƙaiƙayin shinkafa da kara da itace, kana kara kunnenka jikin tukunya kamar mai sauraron cikin saniya. Sai ka ja igiya. Baba, wannan kukan usur! Har ƙauyukan da ke nesa ana jinsa, awaki su tsinke igiya, tsofaffi masu furfura su yi ta share ido da bakin rawani. Malam Muttaka ya miƙe ƙyam ya ɗaga koriyar tuta ga jirgin da ba inda za shi. Sau ɗaya kake ja, sannan ka buɗe famfo mata su ɗibi ruwa. Kullum kuma sai ka maimaita gargaɗinka: ruwa kowa ya ɗiba, amma kada wanda ya rufe mata baki don neman usur in ba kai ba, domin tsohuwar tukunya in ta yi fushi ba ta barin mai ba da labari.

Shekara uku da suka wuce, washegarin taro, Bunu ya iso da babbar mota da tukwanen gas da ma'aikatansa. Ɗan gwangwan ne, Babarbare, an ba shi izinin kwashe matattun ƙarafa a wuraren nan. Ba mugu ba ne, neman abincinsa yake yi, shi ma akwai bakunan da ke jiransa. Allah Ya sa kai Bafillace ne shi Babarbare, abokan wasa tun kaka da kakanni, don haka maimakon faɗa sai kuka fara da tsiya.

“Kai Bafillace, matsa gefe,” in ji shi. “Saniyar taka ta daɗe da mutuwa, fatar muka zo ɗauka.”

Ka ce, “Bawana, yaushe Babarbare ya san saniya? Taɓa ta ka ji.”

Ya ɗora tafin hannunsa a jikinta, ɗumin wutar jiya bai gama fita ba. Ya janye hannun, sannan ya ce a gaban mutane, “Mataccen ƙarfe aka ce in kwasa, ba mai numfashi ba. Amma Baba, hanyata ce nan. Ran da na taɓa na ji sanyi, wasa ya ƙare.”

Daga ranar ba ka sake barin ta ta huce ba. Wutar shekara-shekara ta koma ta kullum. Tsoho da kai kana tura amalanke zuwa injin casar shinkafa neman ƙaiƙayi, kana bin gonaki kana tsintar kara. Itace ya yi tsada, sai masu jego suka dawo da bokitai kamar yadda kakanninsu suka yi. Bunu kuwa bai saɓa ba, in ya biyo sai ya tsaya, ku zagi juna, ya taɓa, ya wuce. Hayaƙin nan ne ya shige maka ƙirji. Na yi maka faɗa ba sau ɗaya ba, na ce Baba ƙarfe ne fa, ba zai tashe ka ran ƙiyama ba. Ka ce, “Sakinatu, ƙarfen ne ya ɗumama uwarki.” Har gobe dai ina jin haushin hayaƙin, ko da yake na san wa'adi ne, ba ya gaba ba ya baya. Da ciwo ya kwantar da kai, Khalid ne ya baro aikinsa a Kano yana hura wutar, kai kana ba shi umarni ta taga. Ran da ka cika, tashin hankali bai bar shi ya tuna da ita ba.

Na shiga mota da ƙarnin kifi a hannuna, duk hanya zuciyata na raya mini zan tarar da gawa biyu. Tun kafin in hango gidanka sai na hango hayaƙi. Iya Ummussalma ce, yanzu ta ranƙwafa sai da sanda, zaune kan kujera 'yar tsugune tana ba da umarni, matan unguwa kowacce da damin kara a ka. Na ce Iya, wa ya koya muku? Ta harare ni ta ce, “Tun kafin ki yi haƙori nake tsaye da garwa ina kallon hannunsa. Ruwa kafin wuta, famfo a buɗe. Ba za a wanke Hamman da ruwan sanyi ba muna raye.” Garwa biyu aka cika, aka sirka. Ni na ɗauki ɗaya har ƙofar ɗakinka na miƙa wa maza masu wanka. A nan ne kukan da na riƙe tun daga Haɗeja ya ƙwace mini.

Ran sadakar uku Bunu ya zo. Ya ajiye motarsa can nesa, ya tako da ƙafa, ya zauna kan tabarma ya yi ta'aziyya, bai yi wa kowa wasa ba. Da ya tashi tafiya sai ya bi ta bayan sito. Duk muka bi shi da ido. Ya ɗora hannunsa a jikinta, ya daɗe bai ɗauke ba.

“Da ɗumi,” ya ce.

Iya Ummussalma ta ce, “Bashira 'yar gidan Gambo ta haihu jiya, sai ta yi arba'in. Bayan ita akwai masu ciki a unguwar nan, Allah Ya sauke su lafiya.”

“Zan ci gaba da biyowa, Iya.”

“Biyo mana, hanyar Allah ce.”

Ya share idonsa da hannun da ya taɓa ta, baƙin tukunya ya shafe masa fuska. Ba wanda ya gaya masa, haka ya tafi da shi.

Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, ban san iya lokacin da za mu riƙe ba. Iya ta tsufa, Khalid ya koma bakin aikinsa. Mun dai raba kwanaki tsakaninmu, Juma'a tawa ce, in rufe kwando in taho. Taro ma za a yi bana in Allah Ya kai mu, za a zo da huluna da fitilu, zan kawo tarwaɗa. Amma babu mai rufe mata baki, ka hana, mun kuma ji. Malam Muttaka ya zo gaisuwa, ya tsaya ya daɗe yana kallon igiyar usur, sannan ya naɗe tutarsa ya sa a aljihu. Ruwan zafi ka bar mana, usur ya tafi tare da kai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Adila, da 'ya'yanka Khalid da Isa da Amatullahi, da jikoki, da danginka na ruga, da tsofaffin abokan aikinka, da dukan 'ya'yan Ungozoma duk inda suke. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya ji ƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Ka ƙare rayuwarka a bakin wuta don 'ya'yan mutane su sami ɗumi, Allah Ya haramta wa wuta jikinka, Ya shayar da kai ruwan Alkausara, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Ka huta, Baba. Yau Juma'a ce, na hura, ruwa ya tafasa, an kai wa Bashira.