Ranar da Malam Kyari Bai Ji Kukan Dutse Ba

Duk wanda ya daɗe yana harkar ƙarafa a Sabon Gari ya san Malam Kyari mai goge ƙarfe. Dogon mutum ne siriri, ba ya son yawan magana, kullum da tsohuwar hula a kansa wadda baƙin mai ya dafe mata gefe. Mahaifinsa daga ƙasar Barno ya zo, ya yi aikin lodin kaya a tashar jirgin ƙasa har ƙarfinsa ya ƙare, ya kafa gida a Rijiyar Lemo. A nan aka haifi Kyari, a nan ya auri Zara, kuma har yau daga nan yake fitowa aiki. Barbarci bai saura a bakinsa ba sai na gaisuwa.

A wata masaƙa da ke Bompai ya koyi sana'ar, tun lokacin da masaƙu ke cike da ma'aikata. Da aka rufe kamfanin aka fara gwanjon injina, sai ya bi wanda hannunsa ya saba da shi har ya mallake shi, ya kai shi wani ƙuntataccen shago a bayan layin masu sayar da kayan inji. Injin yana da tebur mai maganaɗisu da ke riƙe ƙarfe kam, teburin na kai da komo a ƙarƙashin wani dutse mai juyawa da gudun tsiya. Kowane wucewa, dutsen na shafe abin da bai kai kaurin silin gashi ba, har fuskar ƙarfen ta daidaita ta yi sumul. Masu irin wannan aiki ba su da yawa a Kano, shi ya sa ake sallama da shi daga Sharaɗa har Dakata.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, rabin aikin da kunne yake yin sa. Idan yana sauke dutse a hankali, akwai wani ɗan siririn sauti da ke fita a daidai lokacin da dutsen ya taɓa ƙarfe, tun ma tartsatsi bai fito ba. Daga wannan sautin yake fara awonsa. Da kunne yake gane dutse ya dakushe, da kunne yake gane ya ci da yawa.

To kunnen ne ya fara ba shi matsala. Da fari wani kuka ne yake ji a ciki kamar na gyare, ba ya tsayawa ko da ya kashe inji. Daga baya ya lura sai Zara ta taɓa ƙafarsa yake sanin an kira sallar asuba. A masallaci, sahun da ke gabansa yake kallo ya san an yi ruku'u. Idan aka yi masa magana bai ji ba, sai ya gyaɗa kai ya yi murmushi, ya ɗora laifin a kan ƙarar janareta. Bai faɗa wa kowa ba. Tsoronsa shi ne, da zarar labari ya zaga layin cewa mai goge ƙarfe ya kurmance, babu wanda zai sake miƙa masa abu mai daraja.

Ana cikin haka Onyedika ya zo masa da aiki. Onyedika haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge, kuma shi ke ƙera wa kamfanonin roba zubin da suke fitar da buta da bokiti. Ya shigo yana nishi, rungume da wani abu cikin buhu, ya dire shi a benci. Bais ne, irin wanda ake matse ƙarfe a tsakanin muƙamukansa biyu idan za a sassaƙa shi a inji. Ba irin na makanikai ba ne. Na ƙarfe ne da aka gasa aka tsoma ya yi tauri, wanda zarto ba ya kama shi sai dai ya zame.

"Malam Kyari, ka san wannan," in ji Onyedika. "Na mahaifina ne. Ƙasansa ya cinye, muƙamuƙin ya yi baki. Duk abin da na matse sai ya ɗan karkace. Ga sabon zubi an ba ni, ba zan taɓa shi ba sai bais ɗin nan ya daidaita."

Kyari ya kafa wa leɓensa ido, ya tsinci abin da ya tsinta. Ya shafa ƙarfen da tafin hannu, ya ji ramukan da shekaru suka bari.

"Za a yi, Oga, in Allah ya yarda. Amma kada ka matsa mini."

"Ni dai a hankali. Babu irinsa a kasuwa yanzu."

Wannan maganar ta ƙarshe Kyari ya ji ta sarai, kuma ita ta zauna masa a ƙirji.

Dutsen da ke kan injin ya riga ya cinye, don haka ya je wajen Chinenye, matar da ke sayar da duwatsun inji a bakin layi, ya karɓo sabo. Kafin a ɗaura sabon dutse akwai gwajin da ba a tsallakewa. Ana rataye shi a yatsa, a ƙwanƙwasa da ƙotar katako. Lafiyayye yakan yi kuka mai tsawo kamar ƙararrawa. Mai ɓoyayyar tsaga kuwa sai ya yi ƙib ya mutu. Idan aka ɗaura mai tsaga, yana iya tarwatsewa cikin gudu. Kyari ya taɓa ganin haka a masaƙa, ya ga yadda ɓarin dutse ya huda kwanon rufi ya fita.

Ya rataye dutsen, ya ƙwanƙwasa. Bai ji komai ba sai kukan gyaren kunnensa. Ya kawo shi daf da kunnen dama, ya sake. Ya koma na hagu. Akwai wani abu can nesa, amma ba zai iya rantsewa kuka ne ko ƙib ba ne. Ya zauna a benci yana kallon dutsen, yana kallon bais, har aka yi la'asar bai kunna inji ba.

Da ya rasa yadda zai yi, sai ya naɗe dutsen a tsumma, ya shiga A Daidaita Sahu daga shataletalen Bata, ya ɗora shi a cinya har gida. Ya tarar da Zara a tsakar gida tana tankaɗe.

"Malam, lafiya ka dawo da wuri? Mene ne wannan kuma?"

"Zo ki saurara mini wani abu."

Ta karkaɗe hannu ta matso. Ya ƙwanƙwasa, ya dube ta.

"To me zan ji?"

"Kin san yadda kike ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa kafin ki saya? Haka nake so ki ji mini."

Zara ta dube shi ta daɗe. Ba ta tambaye shi me ya hana shi ji da kansa ba, domin ta riga shi sanin amsar. Ta ce ya sake. Yana juya dutsen yana bugawa, tana karkata kai.

"Nan ya yi kuka. Nan ma. Tsaya, koma baya. Nan bai yi ba. Da a ce tukunya ce, ba zan saya ba."

Kyari ya tuna ɗazu da rana har ya ɗauko sifana zai ɗaura shi haka nan, don kada Onyedika ya ga ya yi jinkiri.

"Malam," Zara ta ɗaga murya yadda ta saba yi kwanan nan, "ka je asibiti. 'Yarmu Raudha ta gaya maka tun tana gida, ka ƙi."

"Bari in gama wannan aikin tukuna."

Washegari ya mayar wa Chinenye dutsen. Ta juya shi a haske, ba ta ga tsaga ba, ranta ya ɗan ɓaci.

"Baba, sabo ne fa daga kwali. Kai ka ji bai yi kuka ba?"

Ƙarya ba ta cikin halinsa, gaskiyar kuma ta yi masa nauyi.

"Mai ɗakina ce ta ji," ya ce a hankali. "Ke ma ki gwada."

Ta rataye shi ta buga, ta juya ta sake bugawa, sai fuskarta ta canja. Ta ce wataƙila wajen saukewa daga mota ya bugu. Ta ɗauko wani, ta ƙwanƙwasa shi ta kowane gefe a gabansa, ta ɗaga masa babban yatsa. Ya karɓa ya yi godiya, ya tafi yana jin idonta a bayansa. Duk hanya yana tunanin ko kafin azahar maganar za ta kai bakin masu shayi.

Ya ɗaura dutsen, ya tsaya daga gefe ya kunna, ya bar shi yana gudu shi kaɗai na ɗan lokaci. Bai fashe ba. Ya gyara masa fuska, ya wanke bais ɗin da kananzir, ya goge teburin har babu ko ƙwayar ƙura, ya kifa bais ɗin a kai, ya kunna maganaɗisu, ya jijjiga ya ji ya kamu. Saura sauke dutse, inda ya saba dogara da kunne.

Ya fara juya hannun injin kaɗan kaɗan yana jiran sautin. Bai zo ba. Ya ƙara, ya ƙara. Sai kawai ya ga tartsatsi ya feso da yawa, ya ji teburin ya girgiza a hannunsa. Ya ɗage dutsen da sauri. A gefen ƙarfen ga wani layi ruwan ƙasa da ɗan shuɗi, alamar ƙuna. Ƙarfe mai tauri ba ya son zafi. Idan ƙunar ta yi zurfi, wurin ya yi laushi ke nan ko ya tsattsage, kuma babu gyara.

Ya kashe injin ya fita waje ya tsaya. Ya yi tunanin ya ɗauki bais ɗin ya mayar wa mai shi, ya ce ba shi da lafiya. Ya yi alwala, ya yi azahar, ya dawo ya tarar ƙarfen ya huce. Ya duba layin da kyau, ya karce shi da tsinin zarto. Zarton ya zame. Ƙunar a sama take.

Sai ya sake dabara. Ya shafe fuskar ƙarfen da alli. Ya janyo ƙofar shago ya rage haske, don ko ƙwayar tartsatsi ɗaya ta fito ya gan ta. Ya sa 'yar takarda tsakanin dutse da ƙarfe da injin a kashe, ya sauke har ta kamu, ya san ya kusa. Sannan ya kunna, ya ɗora yatsun hagu a jikin injin, yana jin motsinsa a fata. Da dutsen ya taɓa, allin ya fara gushewa, wani ɗan tsuma ya hau yatsunsa. Ya buɗe ruwan sanyaya, ya fara kai da komo, yana ci kaɗan kaɗan fiye da yadda ya taɓa yi. Aikin da ya saba gamawa a yini ya ci masa kwanaki. Ya gama ƙasa, ya juya ya yi shimfiɗar da muƙamuƙi ke tafiya a kai, ya zo kan muƙamukai, kullum cikin duhun shago da zafi, rigarsa sharkaf.

Ranar da yake kan muƙamuƙi na biyu, ya ɗago kai don ya share ido, sai ya ga mutum tsaye kusa da kafaɗarsa. Ya firgita har ya kusa sakin hannun injin. Onyedika ne. Kyari ya ɗage dutse ya kashe.

"Oga, yaushe ka shigo?"

"Na daɗe. Na yi sallama, na kira sunanka har na gaji." Onyedika ya dubi ƙofar da aka janyo, ya dubi allin. "Malam Kyari, tun yaushe?"

Kyari ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma. "An kwana biyu. In kana so ka ɗauki abinka, ba zan ga laifinka ba. Akwai wurin da na ƙona ranar farko, ya goge, amma gara ka sani."

Onyedika ya sunkuya ya shafa ƙarfen, ya duba gefen da aka nuna masa.

"Ɗauko agogon awo mu gani," ya ce da ƙarfi.

Suka kafa agogon, irin mai allurar da ke motsi idan fuskar ƙarfe ta hau ko ta sauka. Kyari ya ja teburin a hankali daga wannan kai zuwa wancan, su biyun sun zuba wa allurar ido. Ta tsaya cik har tsakiya, ta ɗan yi rawa kusa da ƙarshe, ta koma. Suka gwada muƙamuƙin da aka gama, shi ma haka.

"Ƙarasa," in ji Onyedika. Ya janyo kujera ya zauna kusa da injin. "Idan na ji ya canja murya zan ɗaga maka hannu."

Haka suka gama shi, ɗaya na kallo ɗaya na saurare. Sau ɗaya Onyedika ya ɗaga hannu, Kyari ya tsaya ya gyara fuskar dutse. Da yamma Onyedika ya mayar da bais ɗinsa cikin buhu ya rungume. A bakin ƙofa ya juyo ya ce shi ba zai faɗa wa kowa ba, amma Kyari ya daina aiki shi kaɗai da ƙofa a rufe.

Bayan mako guda Zara ta raka shi asibiti. Likita ya sa masa wani abu a kunne, ya ce ya danna maɓalli duk lokacin da ya ji ƙara. Kyari ya zauna da yatsa a kan maɓallin yana jira, yana ganin likitan na rubutu alhali shi bai danna ba. An gaya masa ƙarar injina ce ta shekaru ta cinye jijiyar, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tsare wanda ya rage. Aka haɗa shi da na'urar ji. A gida tana yi masa amfani, amma a shago takan mayar da ƙarar inji wani ihu da ba ya iya jurewa, sai ya cire ta ya sa a aljihu.

Maganar dai ta fita, ba a san ta bakin wa ba. Wasu sun daina zuwa, wasu suna nan. Kyari ya rage karɓar aiki, ya bar na gaggawa kwata kwata. Ya samo madubin babur ya ɗaure a jikin injin, yana fuskantar ƙofa, don ya riƙa ganin mai shigowa. Wani abokin aikinsa na masaƙa, Baffa, wanda ya yi ritaya yana zaune a Fagge, yakan zo da hantsi ya zauna masa, su yi hira da hannu da ɗaga murya. Ranar da Baffa bai samu zuwa ba, Kyari yakan share shago, ya shafa wa injin mai, ya zauna a bakin ƙofa yana duban hanya ko zai hango shi.