Garin Indiya da Ƙafafun Mahaifina

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare ba, hannun mahaifina ya fara karkarwa. Daga nan tafiyarsa ta koma jan ƙafa. A asibiti nan Dutse suka ce ciwon ba ya warkewa, amma suka ɗora shi kan ƙwayoyi, sau uku a rana. Da su yake iya takawa zuwa masallacin unguwarmu ba mai riƙe shi, kuma iyakar abin da ya rage masa ke nan.

Sai yayansa, Baffa, ya zo daga Miga da gwangwanin wani gari da kwalbar man shafawa. Wai maganin gargajiyar Indiya ne, Ayurbeda, ana damawa da madara.

Na kai musu ruwa zaure, akwai baƙi biyu, na ji Baffa yana cewa, "Amma fa sai an ajiye na asibitin. Ba a haɗa magani biyu a ciki ɗaya, faɗa suke yi."

Ni kuwa bakina ba shi da birki. Na ce, "Baffa, a ina ka yi karatun likita? A kasuwar Miga?"

Baba ya ce, "Shiga ciki." Kafin la'asar ya tattara ƙwayoyin ya miƙa wa Baffa, hannun nan yana rawa.

Mahaifiyata ta ce, "Uwar iya magana! Da kin yi shiru, da na lallaɓa shi a ɗaki ya ci gaba da shan nasa. Yanzu kin sa shi zaɓe a gaban mutane. Kin taɓa ganin ya kunyata yayansa?"

Cikin sati biyu jikinsa ya sandare. Ranar Juma'a ya dage sai ya je masallaci, ya faɗi a bakin ƙofa, ƙugunsa ya karye. An koma kan ƙwayoyin, amma bai sake takawa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ban ce garin guba ba ne, ban sani ba. Likitan da ke duba Baba ma cewa ya yi da an kawo masa ya duba kafin a tsayar da komai. Abin da ke ci mini rai, har yau a dangi Baffa ne mai zumunci, ni ce mara kunya. Kuma gaskiya na faɗa.

Yanzu in ya zo gidanmu, ni nake kai masa ruwa. In durƙusa, in gaishe shi, in ja bakina. Na iya shirun sosai, sai dai ba wanda zai amfana da shi kuma.